Baƙo a Sahun Farko

"Wane ne wannan, Hazim?"

Bai juyo ba. Yana saman tsani da fensir a baki, yana auna tagar ɗakin da zai zama namu nan da kwana arba'in.

"Wa fa, habibti? In mai labule ne, ki ce masa shuɗi muke so, ya daina turo mana kalar asibiti."

"Sauko ka gani."

Yadda muryata ta fita ne ya sauko da shi. Ya tako yana kaɗe ƙurar fenti daga wandonsa yana murmushi, har idonsa ya sauka kan kwamfutarsa da ke kan cinyata. Hoton labulen da muka zaɓa na buɗe ta in nema. Abin da na tarar wani shafi ne na yanar gizo, babu hoton kowa a kai, sai suna: Baƙo a Sahu.

Na san sunan. Rabin matasan garinmu Mansura sun san shi. Wani ne da ba a san fuskarsa ba, yake rubuta cewa shi bai yarda akwai Allah ba. Yayana Midhat ba ya gama cin abincin rana bai tsine masa ba.

Kuma ba karanta shafin ake yi a kwamfutar Hazim ba, rubuta shi ake yi. Ga magana nan an fara ba a ƙarasa ba: "Yau ma na tsaya a bayan mahaifina. Goshina ya taɓa ƙasa, amma ni..."

Murmushin ya ɓace. Ya dubi ƙofa, wadda muka bari a buɗe saboda Mamata da mahaifiyarsa, wadda nake kira Tant Su'ad, suna ƙasan bene suna shan shayi.

"Basant... rage murya."

"Ka ce na abokinka ne! Ka ce aron kwamfutar aka yi! Ka faɗi ko ma mene ne, Hazim, wallahi zan yarda!"

"Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Shekara biyu kana yi min!"

Ya zauna a kan bokitin fenti.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun ina aji biyu a jami'a."

"Shekara bakwai?! Azumin da muka sha ruwa tare fa? Ranar baikonmu da aka karanta Fatiha, da idona na ga ka ɗaga hannu..."

"Na ɗaga. Azumin ma na yi, ko ruwa ban taɓa sha a ɓoye ba. Basant, ban zagi kowa ba, ki karanta ki gani. Nema na yi. Na yi ta nema, na yi kuka a sujada har na gaji, ban ji komai ba. Wata rana kawai na wayi gari na ga babu..."

"A'uzu billahi! Yi min shiru!"

"Wa zan gaya wa? Babana, da ya shekara talatin yana kiran salla a masallacin layinmu? Ko Mamata? A can ne kaɗai nake iya buɗe baki, inda ba ni da suna."

"Ni fa? Yaushe ka yi niyyar gaya min? Bayan na haifa maka uku?"

Ya dubi ƙasa.

Daga ƙasa muryar Tant Su'ad ta hauro: "Ku yaran nan! Taga ɗaya kuke aunawa ko ta unguwa guda? Shayi ya huce!"

"Ga mu nan, Mama!" Hazim ya amsa, da murya wasai, har da 'yar dariya a ciki.

Na kalle shi. Minti ɗaya da ya wuce hawaye ne a idonsa. A lokacin na gane irin daɗewar da ya yi yana wannan aikin.

Muka sauka. Tant Su'ad ta yanko min yanki mafi girma na kek ɗin basbusa, ta shafa kumatuna. "Ci, amaryata. Kin rame, kada a ce ba mu iya riƙo ba tun kafin ki shigo."

Na ci.

*

Kwana tara ban ɗaga wayarsa ba.

Da safe in tafi shagon maganin da nake aiki, in dawo da yamma, a mota ina karanta abin da ya rubuta tun daga farko. Zagi nake nema. So nake in samu wani abu mai muni da zai sa in tsane shi in huta. Ban samu ba. Sai kaina da na tsinta a ciki:

"Akwai wadda nake so. In ta idar da salla, fuskarta kan yi wani irin sanyi. Ina kishin abin da take da shi, kuma ba zan so wani ya raba ta da shi ba, ko da ni ne."

Na kife wayar a cinyata na yi ta kuka, har wata tsohuwa ta miƙo min hankici tana cewa, "Haƙuri, 'yata, duk haka mazan suke."

Na aika wa wata malama tambaya da lambar da ba tawa ba, na ce wata ƙawata ce abin ya shafa. Amsar ta zo gajeriya, kuma dama na san ta: auren ba ya ɗauruwa.

Ranar Juma'a muna cin abincin rana, Midhat ya turo wayarsa tsakiyar tebur.

"Ku ga wannan! An kama ɗaya a Talkha!"

Wani ɗalibi ne daga garin nan na tsallaken kogi. Abokinsa ya ɗauki hoton hirar da suka yi a ɓoye ya watsa. A bidiyon mutane sun cika ƙofar benensu suna ihu, an rufe shagon ubansa, 'yan sanda sun fito da shi an rufe masa kai da riga.

"An ce kotu za a kai shi," in ji Midhat. "Yayarsa ma mijinta ya maido ta gida da jariri. Wa zai zauna da irin wannan jinin?"

"Ni uwarsa nake tausayi," Mama ta ce. "Da wane ido za ta fita sayen burodi?"

"Saura babbansu, wancan Baƙon. Wallahi duk ranar da na san ko wane ne..."

"Ci abincinka," Baba ya katse shi. "Akwai hukuma."

Midhat ya juyo gare ni da loma a baki. "Ke dai kin yi sa'a, Basant. Hazim ɗan Hajji Mun'im! Yau ma na gan shi, sahun farko, kafin liman ya hau mumbari. Irin su sun yi ƙaranci."

Na tashi da gudu na shiga banɗaki na amayar da duk abin da na ci. Ina jin Mama tana dariya tana cewa zumuɗin aure ne.

*

Na ce ya same ni a bakin kogi bayan la'asar. Na tarar har ya riga ni, ya sayo gasasshiyar masara biyu kamar yadda ya saba. Babu wanda ya ci.

"Na rufe shafin," ya ce. "Na goge komai."

"Abin da ke zuciyarka fa? Shi ma ka goge?"

"Basant, saurare ni. Zan yi salla biyar har ranar da zan mutu. Zan yi azumi. Yaranmu da hannuna zan kai su haddar Alƙur'ani. Babu wanda zai taɓa sani!"

"Ni na sani. Allah ya sani."

"Rayuwata... kada ki yi min haka."

"To ka gwada mana! Don ni! Mu je Umra, ka ga Ka'aba da idonka, wataƙila..."

"Na je. Da Baba, bara waccan. Na yi kuka saboda na ga yana kuka."

Wani jirgin ruwa ya wuce da amarya da ango, ana kiɗa ana guɗa. Muka bi shi da kallo har ya shige ƙarƙashin gada.

"In na ce miki na dawo," ya ce a hankali, "za ki yarda?"

"Zan yarda! Wallahi zan yarda, ko tambaya ba zan sake yi ba!"

"Shi ya sa ba zan faɗa ba."

Na rufe fuskata da gefen mayafina. Ban taɓa son sa kamar a wannan lokacin ba, kuma a lokacin na tabbatar ya fita hannuna.

"Ba zan iya aurenka ba, Hazim."

"Na sani."

"Ba don ba na..."

"Na sani, habibti. Me za ki ce musu a gida?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ki faɗi gaskiya. Laifina ne, ni ya kamata in ɗauka."

"Kai kaɗai za ka ɗauka? Ka ga bidiyon Talkha? Ƙanwarka Rihab fa, da bikinta ke bayan namu da wata biyu? Babanka zai sake riƙe lasifikar masallaci? Mamarka da ciwon sukari? Midhat kaɗai ya ishe ka!"

"To sai ki ce mene ne?"

"Wannan nawa ne. Kai dai ka rantse min ba za ka buɗe baki ba."

Ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Da me zan rantse miki?"

"Da ran Mamarka."

Ya kau da kai. Bai rantse ba.

*

Da na ce na fasa, Mama ta ɗauka wasa nake. Da ta ga da gaske ne, ta zauna a ƙasan kicin ta ɗora hannu a ka.

"An buga kati! An kai kayan ɗaki! Me ya yi miki? Dukanki ya yi? Wata kika kama shi da ita?"

"Bai yi komai ba."

"To me?!"

"Na fasa ne kawai."

Baba bai yi faɗa ba, ya dai daina kallona. Midhat ya ƙwace wayata ya kwana biyu yana bincike, bai samu komai ba, ya jefo min ita a gado. A unguwa kuwa kowa da nasa labarin. Wasu suka ce wani likita mai mota na samu. Wasu suka ce asiri aka yi min. Wanda ya fi yawo shi ne wai Hazim ne ya gano wani abu a kaina, yake rufa min asiri saboda shi ɗan mutunci ne. Matan benenmu suka fara yin shiru in na zo wucewa.

Ranar Asabar bayan azahar suka zo neman sulhu. Hajji Mun'im, da sandarsa da ciwon gwiwarsa, ya hawo bene hawa uku saboda ni. Tant Su'ad na bayansa, idonta ya kumbura. Hazim ne ƙarshe, ya zauna kusa da ƙofa yana kallon tafin hannunsa.

Aka kawo shayi, babu wanda ya taɓa.

"'Yata," Hajji ya ce, "ni ban zo in matsa miki ba. Amma in ɗana ya ɓata miki, faɗa min. A gabanki zan hukunta shi, girmansa bai fi ƙarfin sandar nan ba."

"Bai yi min komai ba, Ammu," na ce, da sunan girmamawar da nake kiransa.

"To mu ne? Ni ko uwarsa?"

"A'a..."

Midhat ya buga hannun kujera. "To ke ce ke nan! Mutane na magana, Basant! In wani abin kunya kika aikata, faɗe shi yanzu a gaban kowa, kafin in ji shi a shagon aski!"

"Midhat!" Baba ya daka masa tsawa.

"A bar ni, Baba! Mace ba ta barin namiji irin wannan haka kawai!"

Sai na ga Hazim ya miƙe. Fuskarsa ta yi fari.

"Kada ka sake gaya mata haka. Ba ita ba ce." Ya juya wajen mahaifinsa. "Baba... akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ni ne. Ni ban..."

"Ba na son sa!"

Ban san lokacin da na tashi ba. Ihu na yi, har kofin da ke hannun Mama ya faɗi.

"Kun ji dalilin! Ba na son sa! Malamin lissafi ne, malamin lissafi zai mutu! Ba zan ƙare ƙuruciyata a hawa na huɗu ba, uwar miji tana ƙasa tana ƙirga takuna! Na yi karatu, na fi ƙarfin wannan rayuwar!"

"Basant, bari..." in ji Hazim.

"Kai yi min shiru! Ko yanzu so kake ka ƙirƙiro wa kanka laifi don a ce kai mutumin kirki ne! Ba na bukata! Ka zauna!"

Na kalle shi ido cikin ido. Bakina na zaginsa, idona na roƙonsa. Ya dubi mahaifinsa, tsoho mai riƙe da carbi. Ya dubi mahaifiyarsa. A hankali ya koma ya zauna.

Na shiga ɗaki na ɗauko akwatin gwal ɗin baiko, na zare zoben daga yatsana na ɗora a kai, na ajiye gaban Hajji.

Tant Su'ad ta miƙe tana gyara mayafi. "Ni ce mai ƙirga taku? Ni da nake kiranki 'yata? Tir! Allah ya tsare ɗana da ya nuna mana halinki tun a waje!"

Hajji ya miƙe. Ya dogara sandarsa ya fita. Ina jin saukarsu, mataki ɗaya bayan ɗaya, har ƙarar ta ɓace. Sai marin Midhat ya sauka a kuncina. Babu wanda ya hana shi. Ni ma ban kare ba.

*

Wata biyar suka wuce.

An yi bikin Rihab, ba a gayyace mu ba. Mama ta koma yi min magana, amma iyakarta "ga abinci" da "kashe fitila". Manema biyu suka zo, suka yi tambaya a unguwa, ba su dawo ba. A kasuwar kayan miya kuwa Tant Su'ad ba ta gajiya da ba da labarina: mai girman kai, mai idon kuɗi, wadda ta ci abincin gidansu ta ci amanarsu. Duk abin da ta faɗa, kafin yamma ya iso ni.

Kowace salla ina sa Hazim a addu'a. Ba na faɗin sunansa da ƙarfi.

Wata Talata da tsakar rana, abokiyar aikina ta fita cin abinci, ni kaɗai ce a shago, sai ga Tant Su'ad. Akwai shagon magani biyu a layinsu, ban san me ya kawo ta namu ba. Ta ajiye takardar likita a kan teburin shagon ba ta kalle ni ba.

"Allurar sukari."

Na ɗauko daga firji na sa a leda. Ina miƙa mata, ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam. Ta waiwaya ta dubi ƙofa.

"Ƙarya kika yi ranar nan."

"Tant, ni ban..."

"Yi shiru. Ni na haife shi." Muryarta ta koma raɗa. "Shekara da shekaru ina jin yana buɗe famfo da asuba kamar mai alwala, ruwa na zuba. In ya fito, gwiwar hannunsa a bushe. Uwa ba ta ganin irin wannan?"

Na kalli hannunta da ke riƙe da nawa.

"Ban taɓa tambayarsa ba. In na tambaya zai gaya min gaskiya, kin san shi. In ya gaya min kuma, ina zan kai ta? Na ce wataƙila aure ya dawo da shi. Na ga ke mai addini ce, na yi shiru na bar ki kina shiga ba ki sani ba. Wannan zunubina ne, 'yata. Ki yafe min."

Hawaye suka zubo min. "Yana lafiya?"

"Yana cin abinci. Yana zuwa makaranta." Ta sake duban ƙofa. "Muryar Hajji ta yi rauni. Mutanen masallaci sun ce ɗansa ya karɓe shi... tun watan jiya shi ke kiran azahar da la'asar. In ya dawo ya shiga ɗaki ya rufe. Ni kuma in zauna a bakin ƙofar."

"Wayyo Allah, Tant..."

"Da ya ƙarasa maganar nan a falonku, da yanzu na binne ubansa, Rihab na gida, shi kuma Allah kaɗai ya san inda yake. Kin saya mana rai da sunanki." Ta ɗaga hannuna ta sumbace shi, ita da ta haifi kamata. "Amma ki ji... gobe in an ce miki na zage ki a kasuwa..."

"Na sani."

"In na daina, za su fara tambaya."

"Na sani, Tant. Kada ki daina."

Ƙofa ta buɗe, wata mata daga unguwarsu ta shigo riƙe da kwando. Tant Su'ad ta saki hannuna kamar ta taɓa wuta, ta ɗaga murya har waje ana ji.

"Miƙo min maganina in tafi! Da na san ke ce a nan, da ko mutuwa zan yi ba zan shigo ba!"

Na tura mata ledar.

"Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya," na ce.

Ta fita ba ta waiwayo ba. Matar ta bi ta da kallo, ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta taɓe baki.

"Yanzu kike kuka? Ai kin makara."

Na goge idona da bayan hannu.

"Haka ne," na ce. "Me za a ba ki?"